Sai-Na-Gani Ya Tafi Bai Gani Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Jama'a, assalamu alaikum.

Mai girma Daraktan Hukumar Kula da Gine-ginen Gwamnati da 'yan rakiyarsa. Mai girma shugaban ofishin ilimi na yankinmu. Jami'in karɓar buƙatun jama'a na hukumar, wanda na hango a layi na biyu yana gyara zama. Shugabar wannan makaranta da malamanta. Limaminmu da dattawan unguwa. Iyayen yara maza da mata. Sai ke Yaya, matar marigayi. Da ke 'yarsa, malamar aji biyar. Da sauran 'yan uwa da abokan arziki, sannunku da zuwa. Allah ya ba da ladan zumunci.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne mai shagon fotokwafi da ke ƙofar sakatariya, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da katin waya. Matar marigayi yayata ce, ciki ɗaya. Da unguwa ta ce ni zan yi magana a madadinta, Yaya ta ja ni gefe ta ce, "Auta, don girman Allah ka riƙe bakinka, manyan baƙi za su zo." Na ce mata to. Yaya, ki yafe mini tun yanzu, don ni kaina ban san iya inda wannan "to" ɗin zai kai ni ba.

Mutumin da muka taru dominsa ya kasance malamin asibiti. Ya yi aikinsa har ya gama lafiya, ya buɗe ɗan kantin magani a bakin layinmu. Da yawa cikinmu nan shi ya ɗinke mana goshi muna yara, ya zo ya yi wa 'ya'yanmu allura, ya kuma ɗaure wa jikokin wasu karaya. Amma yara da yawa a unguwar nan ba su ma san sunansa na gaskiya ba. Sai-Na-Gani suka sani.

Ya samo sunan ne a wurin aiki. Uwa za ta zo ta ce, "Malam, yaron ya shanye maganin duka, amma zazzaɓin bai sauka ba." Sai ya ce, "Madalla. Je ki kawo kwalbar." Ta ce, "Haba Malam, ƙarya zan yi maka?" Ya ce, "Ban ce kin yi ƙarya ba, na ce sai na gani." In ta kawo kwalbar, rabi na nan cike. Ba zai yi mata faɗa ba, cokali zai miƙa mata.

Ni ma ban tsira ba. Ranar da na sayo na'urar kwafina ta farko, na je da murna na ce masa sabuwa ce dal. Ya sa takalmi ya biyo ni har shago, ya ce a juya masa bayanta. Muka juya. Ya ciro gilashinsa, ya leƙa, ya ce, "Auta, sabuwa ce kam, amma kyankyasan da ke ciki sun riga ka tarewa." Na ji haushinsa ranar kamar in yi kuka. Washegari shi ya raka ni muka mayar da ita.

Ya kasance mai sauƙin kai, amma ba mai sauƙin yarda ba. Ya kasance ba ya zargin mutum, ba ya kuma ɗaukar maganar mutum a matsayin hujja, ko da kuwa liman ne, Malam ka yi haƙuri. Ya kasance in ya ce zai zo, to ka shimfiɗa tabarma. Saboda wannan hali iyayen yara suka ɗora masa shugabancin ƙungiyarsu a makarantar nan, alhali 'ya'yansa duk sun girma. 'Yarsa ce kawai ta dawo tana koyarwa a saman benen makarantar.

To, ku da ke unguwa kun san abin da ya faru shekara biyu da wani abu da suka wuce, amma bari in faɗa saboda baƙi. Wata Litinin da safe, 'yar nan tasa ta buɗe ajinta ta tarar da wani ɓangaren kankaren rufi ya ɓalle ya faɗo, ya raba benci biyu. Allah ya taimaka a ƙarshen mako ya faɗo, ba kowa a ajin. Bangon matakala kuma ya tsage tun daga sama har ƙasa, tsagar da yaro ke zura hannu ciki har wuyan hannu. Aka kai kuka ofishin ilimi. Hukumar gine-gine ta turo injiniyoyi da hulunan kwano, suka yini suna ƙwanƙwasa ginshiƙai, suka huda wasu suka ɗebi samfur a jaka. Muna tsaye muna kallo. Babbansu ya ce mana za su rubuta rahoto.

Bayan 'yan makonni sai ga masu fenti. Aka cike tsaga da siminti, aka shafe rufi, aka yi wa bene fenti mai kyau har da zanen furanni a ƙofa. Aka ce yara su koma. Mu duka muka ce alhamdu lillahi, an gyara. Mutum ɗaya ne ya ce, "Fenti na gani. Ina rahoton?"

Shi ya gaya mana akwai doka da ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya nemi takardun aikin gwamnati a ba shi, in dai ba sirrin tsaro ba ne. Muka ɗunguma mu da yawa zuwa hukumar, iyaye maza da mata, kowa a shirye ya sa hannu. Aka nuna mana ofishin jami'in buƙatun jama'a, can ƙarshen baranda, bayan banɗaki. Tebur ɗaya ne a ciki, an tokare ƙafarsa da wani tsohon fayil. Taga kuwa fayiloli sun toshe ta, sai an kunna wuta da rana tsaka. Jami'in ya tarbe mu hannu bibbiyu, har ya ba marigayi kujerarsa. Ya ce, "Baba, bari in ba ku shawara don Allah. In kuka sa hannu ku duka, ya zama koken ƙungiya, sai ya bi ta kwamiti, kwamitin nan kuwa sai an yi sa'a yake zama. Mutum ɗaya ya sa hannu, cikin 'yan kwanaki ya karɓi amsarsa." Muka yi masa godiya, wata tsohuwa har da sa wa iyayensa albarka. Marigayi ya sa hannu shi kaɗai, muka dawo gida.

Amsar farko ta zo, ta ce buƙatar ba ta fito fili ba, sai ya rubuto lambar rahoton da cikakken sunansa. Ya koma ya ce, "Ɗana, lambar tana ina?" Jami'i ya ce, "Tana jikin rahoton, Baba." Ya ce, "To rahoton fa?" Ya ce, "Sai ka kawo lambar." Ina wurin aka yi wannan, ba labari aka ba ni ba.

Da ya matsa, sai aka ce ai rahoton ba nasu ba ne, na ofishin ilimi ne, tunda su suka nemi a yi binciken. Ya tafi ofishin ilimi. Can suka ce su ba su taɓa ganin takarda ba, ta waya aka ce musu ba matsala. Ya dawo hukumar, aka ce mai riƙe da makullin ma'ajiya ya tafi kwas. Mai makulli ya dawo, aka ce fayil ya hau sama. Ya hau saman, da gwiwoyin nan nasa da kuka sani, sakatare ya ce mai gida ya yi tafiya, fayil kuma ya sauka ƙasa tun jiya. Duk takardar da ya kai da wadda aka ba shi, a shagona yake kwafe ta kafin ya wuce gida, shi ya sa na san zancen filla-filla.

Wata rana ya shigo shagon yana fara'a, riƙe da ƙatuwar ambulan mai kan sarkin hukuma. Ya ce, "Auta, rufe ƙofa, yau sun ba ni." Muka buɗe a kan murfin inji. Takardun sayen fenti ne, da hoton makaranta bayan an shafa mata fentin, ta gaba da ta gefe. A can ƙasa akwai shafi ɗaya da aka bi layi-layi da baƙin tawada, ba a bar komai ba sai "Bayan gaisuwa" a sama da "Na gode" a ƙasa. Ya ɗaga shi ga haske, ya juya shi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To aƙalla sun gaishe mu." Ni ban yi dariya ba.

Ya kasance duk wannan jeka-ka-dawo bai taɓa ɗaga wa ma'aikaci murya ba. Yana zuwa da na'urar awon jini a jaka, in zaman jira ya yi tsawo sai ya auna masinja, ya auna mai shara, ya auna masu gadi. Har jami'in nan ya riƙa miƙo hannu. Marigayi ya taɓa ce masa a gabana, "Ɗana, masinja ya ce kullum lafiyarka ƙalau, amma duk ranar da na zo sai in tarar jininka ya hau. Me ke damunka?" Jami'i ya sauke hannun rigarsa. Ɗana, ina ganinka daga nan. Ban ɗauke ka mugu ba, shi ma bai ɗauke ka ba. Ya sha ce mini, "Yaron nan ya karanta abin nan, Auta. Wanda bai karanta ba, ba ya irin wannan gumi."

Daga ƙarshe ya kai ƙara hukumar sauraron ƙorafi, wadda ke sa ido a kan irin waɗannan buƙatu. Nan ma an sha zarya, amma Allah ya sa suka saurare shi. Suka sa rana a wata mai kamawa, suka ce hukumar gine-gine ta zo da rahoton a hannu, ba da baki ba. Ranar da ya samu wannan labari ya sa Yaya ta fito masa da rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya ce a wanke a goge a rataye, ita zai sa. Bai kai ba. Zuciya ce ta tsaya masa a kantinsa da hantsi, yana cikin ƙulla wa wata mata magani. Ban ce da hannun kowa ba, kar a ari bakina. Ajali ne, kuma kowa da nasa.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakewa, jama'a. Mutumin nan ya yi shekara biyu yana neman ganin Darakta bai samu ko leƙa ƙofarsa ba. Amma bai yi mako a ƙasa ba, sai ga motar hukuma a ƙofar gidan Yaya, mutum uku da manyan riguna, sun zo gaisuwa. Suka ce marigayi gwarzo ne, hukuma ta yanke shawarar sa wa benen makaranta sunansa, da allo na ƙarfe a ƙofa. Abu ɗaya kawai ake bukata don a kammala, wato takardar shaidar rasuwarsa. Suka ce ko hotonta ma ya isa, a turo ta waya. Bayan kwana biyu suka kira ta waya. Bayan nan suka sake. Ofishin da ke ɗaukar wata uku kafin ya ce maka "dawo gobe", yau shi ke bin mai takaba da kira. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Zato zunubi ne, na sani, liman ya sha faɗa mana. Amma ni a ƙofar sakatariya nake cin abinci, kuma na taɓa ganin irin wannan gaisuwa. Akwai wata baiwar Allah da mahaifinta ya nemi takardun wata hanya da aka ce an yi, alhali ba a yi ba. Shi ma shi kaɗai ya sa hannu. Da ya rasu aka je musu gaisuwa, aka karɓi takardar rasuwa da sunan za a taimaka. Ba a daɗe ba ta zo shagona tana kuka, ta kwafi amsar da aka aiko musu: an rufe fayil, saboda mai nema ya rasu. Duk mai son ci gaba, sai ya sake nema daga farko, ya koma bayan layi. Ranar da motar nan ta zo gidan Yaya na tuna shawarar nan ta "mutum ɗaya ya sa hannu", na dubi shekarun mutumin da aka miƙa wa biro, sai na gane abin da ake jira.

Ku fahimce ni da kyau. In aka rufe fayil ɗin nan, ranar da hukumar ƙorafi ta sa ta rushe, ba mai tilasta wa kowa ya kawo komai. Mu koma neman lambar rahoto a jikin rahoto, yaranmu kuma na zaune ƙarƙashin rufin nan. Amma ma'aikatan nan suna da ƙa'idar da suka sha karanta wa marigayi, cewa abin da ba ya kan takarda bai faru ba. To ga su zaune a taron tunawa da shi, sun ji an yi masa addu'a, amma ba su da ikon rubuta cewa ya rasu sai Yaya ta miƙa musu takarda da hannunta. A ofishinku, ranka ya daɗe, mutumin nan yana da rai, kuma yana jiran amsa.

Ban kai ga gaya wa Yaya komai ba ta riga ni. Da suka kira karo na uku ina zaune a ɗakinta. Ta ce musu, "Na gode da karamci. Amma in ginin nan ya faɗo wa 'ya'yan mutane, da sunan mijina za a faɗa a rediyo ke nan?" Ba ta jira amsa ba. Ta ce, "Ku kawo abin da ya nema, sai mu yi maganar allo." Ta kashe, ta kife wayar, sannan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Yaya, ni ƙaninki ne, ban isa in ba ki umarni ba. Roƙo nake. Za su dawo, kuma ba lalle su zo da kansu ba. Za su biyo ta wanda kike jin kunya, ya ce miki ki bar bawan Allah ya huta, taurin kai ba na mace mai makoki ba ne. Za a ce wasu haƙƙoƙinsa ba za su fito ba sai da takardar. Ki daure, ki riƙe ta har ranar zaman nan ta wuce. Abin da gidanki ke bukata kafin nan, a wuyanmu yake, mu 'yan unguwa, kuma na faɗa a gaban liman don kar wani ya zame.

Ranka ya daɗe Darakta, wataƙila na zalunce ku. Wataƙila rahoton nan cewa ya yi ginin garau yake, zai kai jikokin jikokinmu. Wallahi haka muke fata, don 'ya'yanmu ne a ciki ba na wani ba. To amma wa ya taɓa ɓoye albishir shekara biyu? Wa ke bin labari mai daɗi da baƙin tawada?

Na so in tsaya a nan, amma akwai abin da zan tambaya tunda Allah ya haɗa mu ido da ido. Wannan taro a zauren makaranta muka shirya shi, wanda ke ƙasan benen. Mata sun share, samari sun jera kujeru. Shekaranjiya aka kira shugabar makaranta daga ofishinku, aka ce Darakta zai halarta, amma a fito da kujerun fili, can kusa da katanga, hukuma za ta aiko da rumfuna kyauta. Aka ce saboda zafi ne. Zauren nan fankoki huɗu ne a ciki, duk suna aiki, nan kuwa ga shi kowa na fifita da takardar shirin taro. Ɗazu kuma ina tsaye a ƙofa direbanku ya zo zai ajiye mota a inuwar benen, inuwa ɗaya tak da ke filin nan, sai wani daga cikin 'yan rakiya ya fito da sauri yana ɗaga masa hannu, ya sa shi ya kai ta cikin rana. Ga ta can kowa na gani. Ƙarfe kuka ji wa tsoro, ranka ya daɗe, ƙarfe mai ƙafa huɗu.

Ba ni kaɗai na gani ba. 'Yar marigayi na kusa da ni a lokacin. Ma'aikaciyar gwamnati ce, shi ya sa duk shekarun nan ba ta taɓa buɗe baki ba, ubanta ma ya hana ta, ya ce kar a raba ta da aikinta. Kullum ita ke hawa matakalar nan da yara a bayanta. Ta kama hannun rigata ta ce, "Kawu, gobe ba zan hau da yaran nan sama ba. In takardar tuhuma ce su ba ni, in canjin wuri ne su kai ni inda suka ga dama." Ta ce in faɗa a gaban kowa, ga shi na faɗa. 'Yata, abin da za ki iya rasawa ba ƙarami ba ne, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa ba za su taɓa ki ba. Amma kafin a fara taron nan mun zagaya, mun yi magana da iyaye. Gobe da safe kowa zai kawo ɗansa makaranta kamar kullum, na sama da na ƙasa, ya zaunar da shi a nan inda kuke zaune. Wurin da kuka zaɓa wa kanku, shi muka zaɓa wa 'ya'yanmu.

Saboda haka buƙatarmu ta yau ɗaya ce, kuma ba za mu rubuta ta ba, don mun san inda rubutu ke ƙarewa. In kun tashi tafiya, ku bar mana rumfunan.

Muna godiya ga duk wanda ya taka ƙafarsa ya zo. Muna godiya ga matan da suka yini a tsaye, da samarin da suka ɗauki kujeru sau biyu ba su yi ƙorafi ba. Muna godiya ga manyan baƙinmu, da gaske nake, domin zama a saurari irin wannan magana ba sauƙi.

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka, kuma Kai ba a ɓoye maka komai. Ka jiƙansa, ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka saka masa da duk ciwon da ya ɗinke da duk matakalar da ya hau saboda 'ya'yan da ba nasa ba. Ka ba matarsa juriya, ka tsare 'yarsa daga sharrin alƙalamin da ya fi ƙarfinta. Ka kiyaye mana yaranmu daga rana da ruwan sama, tunda su muka zaɓa musu. Wanda kuma ya karanta rahoton nan, ya san abin da ke cikinsa, ya Allah ka ba shi ƙarfin halin buɗe baki tun ana tambayarsa da lalama, kafin ranar da za a tambaye shi ana tono da shebur.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.